Yaro mai kwana baki buɗe: abin da za ku duba kafin a sa masa wayar haƙori

Ni dai haƙora na kai a gyara. Yarona na biyu yana da shekara 9 lokacin, haƙoransa na sama guda biyu sun fito zaƙo-zaƙo har leɓe baya iya rufe su, yara a islamiyya sun fara sa masa suna yana dawowa gida da kuka, shi ne na ɗauke shi muka tafi wajen likitar daidaita haƙora da niyyar a ɗaura masa wayar nan da ake cewa biresis a wuce wajen. Ta sa shi ya zauna, bata ma ce ya buɗe baki ba, kallonsa kawai take tana hira dani, can sai tace "Hajiya, yaron nan yana minshari?" Nace sosai ma, har yayyensa na ƙorafi. "Filonsa fa, kina samunsa a jiƙe da safe?" Nace kusan kullum. Tace toh ba daga nan zamu fara ba, sai an fara duba hancinsa.

Ranar raina bai so ba gaskiya, gani nake an ƙara min wata zirga-zirgar. Sai daga baya abin ya dame ni ta wani wajen, shekara nawa ina ce masa rufe bakinka kar ƙuda ya shiga, babansa na ce masa ka daina sakin baki kamar gaɓo, ashe yaro iska yake nema. Shi yasa nake rubuta wannan, don in kuna da irin yaron nan a gida ku san ta inda zaku fara da kuma abin da zaku tambaya.

Ku fara gane ginin wajen tukuna

Ku rufe baki yanzu ku haɗiye yawu, sai ku lura inda harshenku ya kwanta. In hancinku lafiya yake zaku ji shi manne a sama, bakinsa a ɗan tudun nan na bayan haƙoran gaba wanda malaman Hausa ke kira hanƙa, sauran jikinsa kuma ya cika ganɗa. Ita ganɗar nan ba rufin baki kaɗai bace, ita ce kuma daɓen hanci, ƙashi ɗaya ne, kamar dekin ɗin gidan bene, mutanen ƙasa rufi suke gani na sama kuma a kansa suke tafiya. In ta matse ta yi zurfi, to kogon hanci ma ya matse kenan. Kuma ƙashin ɓari biyu ne, dama da hagu, da wani ɗinki a tsakiya wanda a jikin yaro bai ƙafe ba tukuna. Harshe yana tokare shi daga ciki, kumatu suna matso shi daga waje, a tsakanin su biyun muƙamuƙin sama yake samun faɗinsa. Ba ƙarfi ake ji ba, daɗewa ce, taɓi mara nauyi na awanni da yawa kullum ya fi tasiri a kan haƙori fiye da tauna mai ƙarfi ta minti goma.

Can bayan hanci kuma, sama da beli, inda ko an hangame baki ba a gani, akwai wani nama da likitoci ke kira adinoyid. Wani likita ɗan ƙasar Denmak, Wilhelm Meyer, shi ya bayyana shi da matsalar da yake kawowa a 1868. Sai tonsil guda biyu a gefe da gefen maƙogwaro, su ana ganinsu da tocila. Duk cikin garkuwar jiki suke, kowane yaro yana da su, sun fi girma tsakanin shekara 3 zuwa 7, daga wajen shekara 10 sai su fara janyewa. Matsalar ita ce a wasu yaran naman yana yin girman da zai tare ƙofar bayan hanci, ko kuma alaji, wato rashin jituwar jiki da abu irin ƙura ko hayaƙi, ya kumbura cikin hancin, ko karan hancin ya karkace ta ciki, duk dai sakamakon ɗaya, iska bata wucewa yadda ya kamata.

To yaro ba zai zauna ba numfashi ba, sai jiki ya nemo hanya, kuma abu uku yake yi ba tare da ya sani ba: ya sauke muƙamuƙin ƙasa, ya sauke harshe daga ganɗa ya kwantar dashi a ƙasan baki, ya ɗan ɗaga kai baya don maƙogwaro ya buɗe. Har wani ɗan ƙashi da ke rataye ƙarƙashin haɓa, wanda gindin harshe ke riƙe dashi, shima sauka yake yi ƙasa. In kwana uku ne na mura ba komai. In shekara biyar ne dare da rana, a daidai lokacin da fuska ke girma, nan ne ake ganin abu. Harshe ya bar wajen aikinsa, kumatu sun miƙe suna ta matsowa ba mai tare su, sai muƙamuƙin sama ya tsuke, ganɗa ta yi rami, haƙora su rasa wajen zama su hau juna ko su turo gaba. Turame kuma, wato haƙoran tauna na baya, tunda basa haɗuwa da 'yan uwansu sai su ci gaba da tsirowa, kuma saboda yadda muƙamuƙi yake kamar ƙofa mai hinji a baya, milimita 1 da turmi ya ƙara tsawo yana buɗe gaba kusan milimita 2. Haɓa ta yi ƙasa ta yi baya, fuska ta yi tsawo. Hausawa sun ce abin da ya taɓa hanci ido ruwa yake, a nan har haƙori da haɓa sai sun ji.

Ba zato ake ba. Sten Linder-Aronson a Suwidin ya fitar da bincikensa a 1970 kan yara masu babban adinoyid, ya ga fuskarsu ta fi tsawo muƙamuƙin sama ya fi tsukewa, ya kuma bi su shekaru bayan an cire naman ya ga a da yawansu girman muƙamuƙin ƙasa ya karkato ya koma gaba. Egil Harvold kuma a Kaliforniya birai ya toshe wa hanci, rahotonsa na 1981 ya nuna yadda cizonsu da fuskarsu suka canza, kowane biri da irin tasa canzawar gwargwadon yadda ya koyi riƙe baki da harshe.

Amma kar wani ya ɗauka duk doguwar fuska daga hanci take, ko duk mai numfashi ta baki sai fuskarsa ta lalace. Gado yana da babban kaso, in baban yaro da kakansa duk ƙaramar haɓa gare su to ba adinoyid ne ya kawo ta ba. Kuma abin yana zuwa ta ɗaya gefen ma, yaron da aka haifa da ƙaramin muƙamuƙin ƙasa harshensa dama a baya yake zaune, hanyar iskarsa a matse take tun asali, naman da bai kai ya kawo ba ma sai ya toshe shi. Kowanne na jan ɗan uwansa. Sannan mu baƙar fata da yawanmu haƙoran gaba sama da ƙasa sun ɗan turo, laɓɓa cikakku, wannan halittarmu ce ba cuta ba, ma'aunan farko da aka yi a littattafan aikin nan da fuskar Turawa aka yi su.

Abin da zaku duba a gida

Da dare zaku fara, don da rana yaro na iya dannewa in ya san ana kallonsa. Ku bari ya yi nisa a barci, kamar awa biyu da kwanciya, ko ma gab da asuba wanda ya fi, ku ɗauki waya ku yi bidiyon minti biyu zuwa uku da sauti, ku ɗan ɗage masa riga a ga ƙirji. Ku yi haka dare uku ko huɗu a lokacin da baya mura. Abin lura: bakin a buɗe yake ko a rufe, minsharin kullum ne ko jefi-jefi, yana yin shiru na wasu daƙiƙu sannan ya zabura ya ja iska da ƙarfi, ƙirji ko ramin wuya na lotsawa ciki in ya ja numfashi, yana kwana da wuya a banƙare, gumi ko da sanyi, birgima daga wannan kusurwar katifa zuwa waccan. Bidiyon nan shi ne abu mafi amfani da zaku riƙe wa likita, don a ofis yaro idonsa biyu, likita ba zai taɓa ganin abin da kuke gani ƙarfe uku na dare ba.

Da safe ku duba filo, ku duba laɓɓa ko sun bushe sun tsage, warin baki, da ko ruwa ne abu na farko da yake nema. Ku tambaye shi ciwon kai. Fitsarin kwance a yaron da ya haura shekara 6 ko 7, musamman wanda ya daina ya dawo, shima ku faɗa wa likita kar ku ji kunya, yana tafiya da matsalar numfashin barci. Kuma yara ba kamar manya bane da rashin barci ke sa su gyangyaɗi, wasu rawar kai suke ƙarawa da rashin natsuwa a aji da saurin fushi, a yi ta dukansu a banza.

Sai ɗan gwajin da ake yi da kayan gida. Ku samu ƙaramin madubi mai sanyi ku sa a ƙarƙashin hancinsa, baki a rufe, ya yi numfashi yadda ya saba, ya kamata ku ga tururi biyu a jikin madubin. In ɓari ɗaya ya fi ɗaya kar hankalinku ya tashi, ƙofofin hanci dama karɓa-karɓa suke yi duk bayan 'yan awanni, ku sake gwadawa da yamma, wanda kullum ɓari ɗaya ne a toshe shi ne abin faɗa. Na biyu, ga yaron da ya kai shekara 5 zuwa sama, ku bashi ruwa cokalin cin abinci ɗaya ya guntsa yana zaune, kar ya haɗiye kar ya zubar, ku duba agogo minti 3. Mai hanci a buɗe zai yi ba wahala, nawa ko minti ɗaya bai kai ba ya furzar yana haki. Na uku ku saurari magana, ku ce ya ce "mama na neman nono". Harafin m da n ta hanci suke fita, in bayan hancin a toshe yake zaku ji kamar "baba da debad dodo", irin muryar mai mura alhali ba mura.

Daga nan ku haska tocila a baki. Ya ce aaa ba tare da ya zaro harshe sosai ba, ku ga tonsil ɗin ko sun ɓuya a gefe ko sun taho tsakiya suna neman haɗuwa da beli. Ku kalli ganɗa, shimfiɗaɗɗiya ce ko rami mai zurfi kamar kwalekwale a kife. Sai ya cije turamensa ku ja kumatu gefe. Haƙoran sama ya kamata su rufe na ƙasa ta waje ko'ina, kamar yadda murfin samira ke hawa kan bakinta, in kun ga turamen sama sun faɗa ta cikin na ƙasa, ɓari ɗaya ko duka biyun, muƙamuƙin sama ya tsuke kenan, wani yaron ma zaku ga haɓarsa na gocewa gefe in ya cije. Ku duba gaba, in turame sun haɗu amma akwai taga tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa, irin yaron da baya iya gutsurar taliya ko nama da haƙoran gaba sai ya kai gefe, ku rubuta. Tsotson yatsa ma yana kawo irin wannan tagar, don haka in yana yi ku faɗa. Na ƙarshe ku ce ya rufe laɓɓa, in sai ya yi da ƙarfi har haɓa ta yi ramuka-ramuka kamar ɓawon lemo, shima alama ce. Amma laɓɓa a ɗan buɗe kaɗai ba hujja bace, yara da yawa leɓensu bai gama tsawo ba, baki a sake amma ta hanci suke numfashi, madubin nan ne zai raba gardama.

Akwai waɗanda ba a jira dasu. Yaron da numfashinsa ke ɗaukewa a barci, wannan satin zaku kai shi ba sai an yi hutu ba, kusan yaro 1 zuwa 5 cikin 100 na da wannan matsalar kuma tana taɓa girma da karatu har da zuciya in ta daɗe. Mai sikila kuwa ya fi kowa, don su adinoyid da tonsil ɗinsu na yawan girma, kuma ƙarancin iskar oksijin da dare na iya tayar musu da ciwo, ga shi cutar da kanta tana sa muƙamuƙin sama ya turo gaba, don haka minsharin mai sikila ku kai shi kunnen likitan da ke dubashi a kilinik. Sai ƙaramin yaron da majina mai wari ke fita ta ƙofar hanci ɗaya tak, wannan yawanci wani abu ya cusa, wake ko gyaɗa ko soso ko dutsen ado, kar ku sa tsinke, asibiti zaku je.

Dan Allah ga abin da ba za ku yi ba

Kar a kai shi wajen wanzami a cire beli. Mu ma an bamu wannan shawarar, daga mutanen da suke ƙaunarmu kuwa, kuma na san yadda abin yake da nauyi ka ce wa babba a'a. Amma naman da ya toshe yaron yana can sama bayan hanci inda ƙarfen wanzami baya kaiwa, an bar jaki ana dukan taiki kenan, ga zubar jini ga tetanus ga cutar da ƙarfe ke ɗaukowa daga wani yaron zuwa wani. Ni abin da na yi, bidiyon barcin na nuna wa kakarsa sannan na tafi da ita ranar ganin likita ta ji da kunnenta, daga nan bata sake maganar ba.

Maganin ɗigawa a hanci na kemis irin su Otrivin yana buɗe hanci nan take, shi yasa ake sonsa, amma ba a wuce kwana 3 zuwa 5 dashi, in aka zarce hancin sabawa yake ya dawo ya toshe fiye da da. Man zafi ma kar a cusa a hancin ƙaramin yaro. Sai wannan sabon yayin na intanet na manne baki da filasta lokacin barci, wallahi kar ku gwada a kan yaro, wanda hancinsa a toshe yake bakin nan shi kaɗai ne ƙofarsa.

Abin da zaku iya yi da kanku shi ne rage abin da ke kumbura hancin. Hunturu bamu da iko dashi, amma hayaƙin icce, maganin sauro na kunnawa, turaren wuta a ɗakin da yara ke kwana, sigarin baba, tsohon kafet da labule mai ƙura, shara ba yayyafi, duk waɗannan a hannunmu suke. Gidan sauro ya fi masa hayaƙin. Ruwan gishiri na wanke hanci kuma yana taimakawa sosai, akwai na kemis, in zaku haɗa a gida ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe cikin rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce, a ɗiga safe da dare ya fyace, kullum a haɗa sabo.

Wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro

Nan ne zangon farko, kafin likitan haƙori ya taɓa komai. Asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato da Maiduguri duk suna da sashen, akwai kuma cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna da suke duba har hanci da maƙogwaro. Ku tafi da bidiyo da abin da kuka rubuta. Zasu iya sa a yi hoton gefen wuya a ga girman adinoyid, ko su zura wata siririyar kyamara ta hanci su gani ido da ido, wannan ɗin ya fi tabbas kuma minti kaɗan ne. Ku roƙa a duba kunne, don bututun da ya haɗa kunne da bayan hanci daidai gefen adinoyid yake buɗewa, ruwa na taruwa a bayan dodon kunne ba ciwo ba komai sai dai yaro ya dinga ƙure talabijin kuna kira yana banza daku.

Ba kowa ake wa tiyata ba. In alaji ne ko naman bai kai maƙura ba sukan fara da feshin hanci na wasu makonni, kuma a nan iyaye muke kasawa, feshin baya aiki rana ɗaya, sai an jure kullum yadda aka rubuta. In bai yi ba, ko numfashi na ɗaukewa, sai a cire adinoyid, wani lokaci tare da tonsil. Ta baki ake shiga ba a yanka fuska, ana sa barci, mai sikila kuma shiri na musamman ake masa kafin ranar. In har da tonsil aka cire ku sa ido sati biyu, jini ko kaɗan ne daga baki a koma asibiti a daren. Yarona adinoyid kaɗai aka cire masa, cikin sati uku ɗakin ya yi tsit har na dinga tashi ina taɓa ƙirjinsa.

Sannan a koma ga haƙoran

Ƙungiyar likitocin daidaita haƙora ta Amurka na cewa a kai yaro dubawar farko yana shekara 7, lokacin an fara famfara, turamen farko na dindindin sun fito, ana iya ganin inda cizon ya dosa. Ba wai a sa waya a shekara 7 ba, a gani ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗinkin tsakiyar ganɗar nan da na faɗa yana fara ƙafewa ne bayan balaga, daga nan buɗa shi sai da ƙusoshi a ƙashi ko tiyata.

Likitan zai sa a yi hoton kai ta gefe, wanda ke nuna muƙamuƙi biyun da gindin harshe da hanyar iska a hoto ɗaya. Ku ce a nuna muku, haƙƙinku ne. Ku tambaya: matsalar a haƙora take ko a ƙashi, na sama ne ya yi gaba ko na ƙasa ne ya yi baya, fuskar ƙasa take girma ko gaba. Suna auna faɗin hanyar iska a bayan ganɗa, in ya sauko milimita 5 ko ƙasa sukan tura wajen likitan hanci, amma hoton a tsaye aka ɗauka ido biyu, ba zai faɗi abin da ke faruwa a barci ba. Ita ƙungiyar Amurkan nan ma a takardar da ta fitar a 2019 ta ce aikin likitan haƙori ya lura ya tura, tabbatar da ɗaukewar numfashi aikin likitan barci ne. Don haka duk wanda yace muku ƙarfensa kaɗai zai warkar da minshari ba sai an ga kowa ba, ku nemi ra'ayi na biyu.

In muƙamuƙin sama ya tsuke, abin da aka fi sawa shi ne ƙarfen buɗa ganɗa, dabara ce tsohuwa tun 1860. Ana manne shi a turamen sama, yana da ɗan noti a tsakiya, a baku ɗan makulli ku dinga murɗawa a gida, murɗa ɗaya kusan kwatan milimita, sau ɗaya ko biyu a rana yadda likita ya ce, sati biyu zuwa uku. Ku kwantar da yaron a cinya, wani ya riƙe tocila, ku ɗaura zaren makullin a yatsa kar ya suɓuce cikin maƙogwaro, ku tura har ramin gaba ya bayyana sarai don in murɗar bata cika ba gobe ba zaku samu ramin ba. Ku dinga yin alama a kalanda, ana mantawa. Zai ji matsi a karan hanci na 'yan mintuna, yawu zai yi yawa kwana biyu, magana ta ɗan canza. Wajen kwana na biyar zuwa goma zaku ga wushirya ta buɗe a tsakanin haƙoran gaba, kar ku tsorata kuma kar ku yi murna, alamar ƙashin ya buɗe ne kuma da kanta take rufewa. Bayan an daina murɗawa ƙarfen zai zauna wata 3 zuwa 6 sabon ƙashi ya cike wajen. Tunda ganɗa daɓen hanci ce hancin ma yana ɗan samun faɗi, yara da yawa na jin sauƙin numfashi, amma ba a sa shi don hanci kawai in cizon lafiya yake.

In muƙamuƙin ƙasa ne ya yi baya akwai wani abu na roba mai hawa biyu da ke riƙe haɓa a gaba, shi kuma lokacin tashen girma yake aiki, mata wajen shekara 10 zuwa 13, maza su ɗan fi haka. Biresis ɗin da na je nema tun farko sai da ya kai 12 aka sa, shi ne na ƙarshe a layi. Ku tambayi kuɗin dukkan matakan tun ranar farko, har da na abin riƙewa na ƙarshe, da ko ana biya kashi-kashi, don barin aiki a rabi ya fi rashin farawa muni.

Mai waya a baki kuma yana numfashi ta baki, dasashinsa ne ke shan wahala. Yawu shi ke wanke haƙora, in gaban baki ya bushe duk dare sai dasashin gaba ya kumbura ya yi ja yana jini, datti ya taru gefen ƙarafunan, ranar da aka cire a tarar da fararen tabo a haƙori waɗanda basa gogewa. Buroshi da man goge baki mai fuloraid safe da dare ba fashi, na daren ku tsaya a kansa, ruwa a kusa da shimfiɗa, ɗan basilin a laɓɓa musamman da hunturu. Rake, aya, goro, ƙashi, gasasshiyar masara, cingam da alawa mai danƙo sai bayan an cire.

Abin da ba wanda ya gaya min da wuri shi ne buɗe hanci baya rufe baki. Wata huɗu bayan tiyata yarona hanci fes amma in yana kallo baki a sake, jiki ya riga ya saba. Sai an koya masa, kuma ba da tsawa ba. Ya ce "na" ya tsaya, inda bakin harshe ya taɓa nan ne gidansa, ya manna sauran harshen a sama, laɓɓa a haɗe, haƙora kusa da juna ba a cije ba. Muna sa masa 'yar takarda ko sandar alawa tsakanin laɓɓa lokacin kallo, minti 5 da farko har muka kai 20, kuma muka yi wata alama tsakaninmu, in na taɓa hancina ya gane, ba sai na kira sunansa gaban baƙi ba. Wannan atisayen sai bayan likita ya tabbatar hancin a buɗe yake, kuma taimako ne ga aikin, baya matsar da ƙashi shi kaɗai duk abin da samari ke yaɗawa a TikTok.

Ranar da aka cire waya za a bashi ritena, wato abin riƙe haƙora, na roba ko siririyar waya a manne ta baya. Haƙoran da aka gyara suna son komawa inda suka fito, kuma tagar gaba ta fi kowacce saurin dawowa in harshe da laɓɓa basu canza zama ba. Ya sa ta yadda aka ce, in ta fashe ko ta ɓata a koma cikin satin kar a jira ta daina shiga. Duk shigowar hunturu kuma ina sake yin bidiyon dare biyu ko uku, don alaji na dawowa, adinoyid ma a wasu yaran yana sake tsirowa musamman in suna ƙanana aka cire, in na ji minshari ya wuce sati biyu ba mura muna komawa wajen likitan hanci da bidiyon da ritenar a jaka.